Mene ne Aikin Gwamnati, Kuma Ina Ikonta Ya Tsaya? Tambayoyi da Amsoshi Daga Bauchi

A Bauchi da wuya a zauna majalisa a tashi ba a ambaci gwamnati ba. Wannan yana zaginta kan tsadar mai, wancan yana yaba mata kan titi, na gefe yana roƙon ta ba ɗansa aiki. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne me aka kafa ta ta yi, me kuma aka hana ta yi. Na tattaro tambayoyin da aka fi yi, na amsa su da abin da ke rubuce a kundin tsarin mulki na 1999 da sauran dokokin ƙasa. Inda ra'ayina ne, zan faɗa.

Wai don me aka kafa gwamnati tun farko?

Sashe na 14 na kundin tsarin mulki ya amsa wannan a taƙaice: tsaron jama'a da walwalarsu su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashen ya kuma ce mulki na jama'ar Najeriya ne, daga gare su gwamnati take samun duk ikon da take da shi.

Akwai abubuwan da mutum ɗaya ba zai iya yi wa kansa ba komai dukiyarsa. Babu attajirin da zai gina wa garin Bauchi madatsar ruwa irin ta Gubi, ya ja bututu unguwa-unguwa. Babu mai gidan da zai kori masu garkuwa da mutane daga dajin Lame-Burra da bindigar tokarsa. In maƙwabta biyu suka yi rigimar iyakar gona, dole a samu na uku wanda hukuncinsa zai hau kan kowa, in ba haka ba mai ƙarfi ne zai ci. Don irin waɗannan ne muka yarda aka ba gwamnati abubuwa uku da ba a ba kowa ba: ta riƙe makami, ta karɓi kuɗi a hannunmu ko ba ma so, ta kuma tsare mutum a bayan kanta. Duk maganar iyaka daga nan ta samo asali. Wanda aka damƙa wa waɗannan uku, in ba a shata masa layi ba, zai iya zama abin tsoro fiye da ɓarawon da aka ce ya kama.

In walwalata ce aikinta, zan iya kai ta kotu don babu ruwa a unguwarmu ko babu magani a asibiti?

A mafi yawan lokuta a'a, kuma wannan na daga cikin abubuwan da ke ci mini rai a kundin namu. Alƙawuran ilimi, lafiya, abinci, muhalli da aikin yi suna Babi na Biyu, sai dai sashe na 6 ya hana kotu ta tilasta wa gwamnati cika su. Waɗanda kotu ke karewa kai tsaye su ne na Babi na Huɗu: rai, mutunci, 'yancin walwala, sauraron ƙara bisa adalci, sirri, addini, faɗin albarkacin baki, taro, zirga-zirga da mallakar dukiya.

Amma in majalisa ta ɗauko alƙawari daga Babi na Biyu ta mayar da shi doka, ya zama haƙƙin da ake iya nema. Misali dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9, kyauta ne kuma dole ne.

Wace gwamnati zan kama da laifi? Kowa na tura ni wurin wani.

Gwamnati hawa uku ce, kuma rashin sanin aikin kowane hawa shi ke ba su damar wasa da hankalinmu.

Tarayya ita ke da soja, 'yan sanda, kwastan, shige da fice, kuɗin ƙasa da ma'adinai. Manyan hanyoyi irin na Bauchi zuwa Jos, Bauchi zuwa Gombe, da Bauchi zuwa Kano ta Ningi nata ne. Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da asibitin koyarwarta, duk na tarayya ne. Jiha ke da filaye, manyan asibitocin ƙananan hukumomi, yawancin makarantun sakandare, ruwan famfo da titunan cikin gari. Ƙaramar hukuma, mu muna da 20 a cikin 774 na ƙasar nan, kundi ya ba ta kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, da hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci.

Saboda haka in kwata ta toshe a bakin kasuwar ƙauyenku, ba shugaban ƙasa za ka fara nema ba, kansilanka da ciyaman ne. In kuma farashin fetur ne, gwamna ba shi ya cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 ba. Rabon ma yana canzawa: a 2023 an gyara kundi aka ba jihohi dama a harkar wutar lantarki, jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali. Yankari ta taɓa zama a hannun tarayya daga 1991, aka dawo wa jiha da ita a 2006.

Tsaro ne ke da sarƙaƙiya. Ana kiran gwamna babban jami'in tsaron jiha, amma sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar, na 215 kuma ya ce kwamishinan 'yan sanda na iya neman a mayar da umarnin gwamna Abuja kafin ya aiwatar. Shi ya sa jihohi ke jingina da 'yan banga da mafarauta, shi ya sa kuma muhawarar 'yan sandan jihohi ta ƙi ƙarewa.

An yi mana titi da rijiyar burtsatse. Ba daidai ba ne mu gode?

A nan nake so a tsaya a yi tunani, domin a ganina nan ne aka fi cutar mu, kuma da hannunmu.

Ka taɓa halartar buɗe rijiyar burtsatse a ƙauye. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, maroƙi na ta zuba kirari. A jikin tankin an rubuta sunan ɗan majalisa da manyan baƙaƙe, har da hotonsa. Dattijon gari, mai furfura, ya miƙe ya cire takalmi ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mu da bakin godiya, ka share mana hawaye." Bayan wata shida injin ya lalace, mata sun koma rafi da jarkoki, kuma babu wanda ya iya buɗe baki ya tambaya, domin wanda aka yi wa kyauta ba ya ƙorafi.

To amma ba kyauta ba ce. Kuɗin daga asusun tarayya ya fito, inda ake tara kuɗin mai, kwastan da harajin kamfanoni a raba duk wata: tarayya kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Ga harajin kayan masarufi na kashi 7.5 da kake biya duk lokacin da ka sa kati a waya. Ga rasit ɗin da mai tumatir ke yanka a kasuwar Muda Lawal, da wanda direba ke yanka a tasha, da abin da ake cirewa daga albashin malamin makaranta kafin ya gan shi. Wanda ya ce bai taɓa biyan haraji ba, bai lura ba ne kawai.

In ka aiki yaro kasuwa da kuɗinka ya dawo da cefane mai kyau, za ka ce masa sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Hakan bai hana ka ce ina canji ba. Yabon shugaban da ya riƙe amana abu ne mai kyau, addini ma ya koyar da shi. Abin da nake ƙi shi ne godiyar da ke rufe bakin tambaya: nawa aka ware, wa aka ba kwangilar, wa zai gyara in ta lalace. Kalmar nan da ake yawan faɗa, romon dimokuraɗiyya, ta sa haƙƙi ya koma kamar alfarma da ake yi wa wanda ya yi biyayya. Ƙauyen da bai zaɓi gwamna ba yana da haƙƙin ruwa daidai da wanda ya zaɓe shi.

Me ya sa ƙananan hukumomi ba sa iya komai sai biyan albashi?

Shekara da shekaru kuɗinsu na bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, gwamnoni da yawa kuma na naɗa kantomomi maimakon a yi zaɓe, alhali sashe na 7 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe su. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya sa nasa. Hukunci daban, aiwatarwa daban. Sannan ko kuɗin ya iso sakatariya, in mutanen Zaki ko Bogoro ba su tambayi ciyaman ɗinsu lissafi ba, wurin cin ne kawai ya sauya.

Gwamnati na iya ƙwace mini gona ko ta rushe mini gida?

Tana iya karɓa, amma da sharuɗɗa. Dokar filaye ta 1978 ta sa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, mu kuma abin da muke riƙe da shi izinin zama da amfani ne, ko da takarda ko ta gado. Gwamna na iya soke wannan izini don amfanin jama'a, kamar titi, makaranta ko asibiti. Dole a ba ka sanarwa a rubuce, dole kuma a biya diyya. Sashe na 44 ya ba ka damar zuwa kotu in ba ka gamsu ba.

Abu biyu ya kamata manomi ya sani. Na farko, diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce: gini, rijiya, amfanin gona, itatuwa masu 'ya'ya irin su mangwaro da ɗorawa. Don haka ranar da masu ƙiyasi za su zo, ka tsaya a wurin da kanka, a ƙirga komai a gabanka, ka ɗauki hoto. Na biyu, kotuna sun sha soke ƙwacen filin da aka yi da sunan jama'a sannan aka miƙa wa wani mutum don amfanin kansa.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa na tarayya ne. Man da aka fara haƙowa a Kolmani, kan iyakar Alkaleri da jihar Gombe, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Nuwamban 2022, ba na mai gonar ba ne, ba kuma na jiha ba ne. Haƙƙin mai gona diyya ne, haƙƙin jihar da ake haƙo mai a cikinta kuma aƙalla kashi 13 cikin ɗari na kuɗin da aka samu.

Ɗan sanda na iya kama ni ya tsare yadda ya ga dama?

Ba ya iyawa, a doka. Sashe na 35 ya ce a sanar da kai dalilin kamun cikin awa 24 a harshen da kake ji, kana da damar yin shiru har sai ka ga lauya, kuma a kai ka kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu in babu. Laifukan da hukuncinsu kisa ne suna da nasu tsarin. Dokar 2017 ta haramta azabtarwa, ko da wane dalili.

Akwai abubuwa biyu da suka zama ruwan dare har mutane sun ɗauka halal ne. Ɗaya, a zo neman yaro ba a same shi ba, a tafi da mahaifiyarsa ko ƙaninsa "har ya kawo kansa". Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani. Biyu, bashi. Ɗan kasuwa ya ba abokinsa kaya, lokaci ya wuce bai biya ba, sai ya tafi caji ofis a ɗauko masa shi a kulle har 'yan'uwa su haɗa kuɗi. Doka ta hana kamu kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki, wurin wannan kotu ne. A nan laifin namu ne tare da na jami'in, domin mu ne muke kai ƙarar. Wanda ya yi hayar ikon gwamnati ya kulle abokin cinikinsa yau, ya koya wa jami'in cewa ikon na sayarwa ne, gobe kuma wani zai saya a kansa.

Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne, mace ma na iya tsaya wa mutum.

Ba an ce a yi wa shugabanni biyayya ba? Sukar gwamnati ba fitina ba ce?

An ce a yi biyayya, an kuma ce babu biyayya ga abin halitta a cikin saɓon Mahalicci. Sayyidina Abubakar a huɗubarsa ta farko ya nemi a taimake shi in ya yi daidai, a miƙar da shi in ya karkace. Shehu Usman Ɗanfodiyo ya soki sarakunan zamaninsa kan harajin zalunci da ƙwace dukiyar talaka.

Mu a Bauchi wannan gadonmu ne. A farkon shekarun 1940 Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suna zaman muhawara a garin nan, suna yi wa Turawa da En'e, wato hukumar sarakuna ta wancan lokaci, tambayoyin da ba a saba yi ba. A 1950 Abubakar Tafawa Balewa, mutum mai sanyin hali da ladabi, ya miƙe a majalisar Arewa ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul. Babu mai cewa waɗannan ba su san girman na gaba ba.

Sashe na 39 da na 40 sun kare magana da taro. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin a yi gangamin lumana. Lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kotun ECOWAS ta ce an keta haƙƙi. Amma 'yancin yana da gefe: ƙazafi, tunzura jama'a su kai wa wata ƙabila ko addini hari, fasa shago da ƙona dukiya, duk gwamnati na da ikon hukunta su, wajibinta ne ma. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita wasu haƙƙoƙi don tsaro, lafiya ko kare haƙƙin wasu, da sharaɗin a yi shi da doka. Ɓacin ran mai mulki ba doka ba ne.

Ina ruwan gwamnati da addinina da cikin gidana?

Sashe na 10 ya hana tarayya ko jiha ta ɗauki wani addini a matsayin na gwamnati, na 38 ya ba kowa 'yancin addininsa. Kundin ya kuma amince da kotunan shari'ar Musulunci da na gargajiya, kuma Bauchi ta faɗaɗa aiki da shari'a kan Musulmi a 2001. Jiha ce da Musulmi da Kirista suke haɗa kasuwa da ofis, daga Azare har Dass da Tafawa Balewa, don haka ma'aunin da zan ba kowane jami'i shi ne: abin da ba za ka yarda a yi wa masallacinka ko cocinka ba, kada ka sa hannu a yi wa na wani.

Gida kuwa, sashe na 37 ya kare shi tare da wasiƙu da hirar waya, Alƙur'ani ma ya hana bin diddigin asirin mutane da shiga gida ba sallama. Sai dai katangar gida ba ta kare mai dukan matarsa har ya ji mata rauni, ko mai cin zarafin yaro. Da an shiga haƙƙin wani rai, hukuma na da hurumi.

Me ya sa ba za ta ba kowa aiki ta kuma ƙayyade farashin kaya ba?

Wannan ra'ayina ne, kuma na san akwai masu ilimi da ba su yarda da ni ba. Gwamnati ba ta iya ɗaukar kowa aiki, kuma tarihinta a kasuwanci bai yi daɗi ba. Manya sun tuna lokacin da kamfanin Steyr ke harhaɗa manyan motoci da taraktoci a Bauchi, ga kamfanin nama, kowa ya san inda suka ƙare. In aka tilasta wa mai masara ya sayar ƙasa da abin da ya kashe a taki, baɗi ba zai noma ba. Abin da ya fi dacewa da ita shi ne ta gyara hanyar da zai fito da amfanin, ta tsare shi daga 'yan bindiga, ta rage shingayen karɓar kuɗi a hanya, ta hukunta masu algus da tauye mudu.

Wannan bai sauke mata nauyin raunana ba. Maraya, mai naƙasa, tsohon ma'aikacin da ke jiran fansho da giratuti, mai naƙuda da ba ta da kuɗin tiyata, kasuwa ba za ta tuna da su ba. Kuma in gwamnati za ta ɗauki mataki mai zafi, tilas ta auna abin da zai yi wa talaka. Mun ga canjin kuɗi a farkon 2023, mutane na kwana a bakin banki da kuɗinsu a ciki, har sai da Kotun Ƙoli ta shiga a watan Maris ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu.

Sarakuna fa, suna cikin gwamnati?

Kundin 1999 bai ba su wani aiki ba. An karɓe 'yan doka, kotuna da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Ƙarfinsu yanzu na girma ne da sulhu, kuma rigimar da mai unguwa ko hakimi ke kashewa a zaure ba kaɗan ba ce. Amma ba su da ikon ɗaure mutum ko sa masa haraji.

Wa zai taka wa gwamna birki in ya wuce gona da iri?

Majalisar dokoki ce ta farko. 'Yan majalisarmu 31 su ke amincewa da kasafin kuɗi, kuma doka ta hana a taɓa kuɗin jiha ba da amincewarsu ba. Suna da ikon bincike, suna da ikon tsigewa da kashi biyu cikin uku. In ɗan majalisa ya mayar da aikinsa rabon shinkafa da babura, ya bar wannan, babban aikin ne ya bari, mu kuma da muke cika ƙofar gidansa da buƙatun suna da biki muna taya shi bari.

Sai kotu, wadda ke taka wa majalisar kanta birki. A 2009 majalisar Bauchi ta tsige mataimakin gwamna Garba Gadi, a 2010 babbar kotun jiha ta soke tsigewar. Sashe na 308 ya ba gwamna da mataimakinsa kariya daga gurfana a kotu, amma kariyar na ƙarewa ranar da suka sauka, kuma ba ta hana a kai gwamnatin kanta ƙara ba.

Sai ƙuri'a. Bauchi ta juya wa jam'iyya mai mulkin jiha baya a 2007 da 2015, ta kuma kayar da gwamna mai ci a 2019. Akwai kiranye ga 'yan majalisa, sai dai sharaɗinsa na da wuya: sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓar, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada a Kogi ta Yamma a 2018 bai kai ba.

Ni da ba ni da kowa a sama, ta ina zan fara?

Da takarda. Ƙorafin baki yana bin iska, amma wasiƙar da aka buga wa hatimin karɓa tana nan a fayil. Ku haɗu da mutanen unguwa ko ƙungiyar kasuwarku, ku rubuta abu ɗaya tak, misali rufin aji biyu da iska ta yaye, da kwanan wata da hoto, ku kai ofishin da abin ya shafa, ku riƙe kwafi, ku ba ɗan majalisarku da kansila nasu.

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun gwamnati ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma a amsa masa cikin kwana 7. Kuna iya tambayar nawa aka ware wa aikin da sunan ɗan kwangilar. In zalunci ne daga ofis, kamar riƙe fansho ko kora ba bisa ƙa'ida ba, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa tun 1975. In kamu ne ko duka, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ga kuma hukumar da ke ba marasa ƙarfi lauya kyauta. Dukansu suna da ofis a cikin garin Bauchi, kuma shigar da koke a wurinsu ba a biyan ko kwabo.